Ullmark ko Swayman: yadda ake zaɓar wanda zai tsaya a raga

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya me ya sa Boston Bruins ta rabu da Linus Ullmark, mutumin da ya ci kyautar Vezina ta gwarzon gola a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, ta riƙe Jeremy Swayman, kuma da me ake auna gola kafin a ce shi ne na farko. Na daɗe a jihar Massachusetts ina bin wannan ƙungiya, yarona ma raga yake tsaro a hokin yara na unguwarmu, don haka bari in ba ka abin da na gani.

A kan takarda Ullmark ne a gaba. A kakar 2022-23 Ullmark ya ci wasa 40, ya tare kashi 93.8 cikin ɗari na harbin da aka yi masa, abin da ake zura masa a kowane wasa bai kai biyu ba, 1.89. Har ci ya yi da kansa a ragar Vancouver, daga wancan ƙarshen filin. Swayman yana da kashi 92 da nasara 24. Ƙungiyar ta ci wasa 65 cikin 82, abin da ba a taɓa yi ba. Amma ka cire yawan nasara daga lissafinka tun yanzu. Golan da ke bayan manyan 'yan wasan Boston irin su Bergeron da McAvoy da Lindholm zai tara nasara ko da matsakaici ne, domin yawancin harbin da ke isa gare shi daga gefe yake zuwa, yana kallonsa tun daga nesa.

Ga inda maganar take. Duk tsawon kakar nan karɓa-karɓa suke yi, yau wannan, jibi wancan, kowa yana samun hutu. In an ci wasa su rungume juna a gaban raga, har ya zama abin da 'yan kallo ke tsayawa jira. Da aka shiga wasannin neman kofin Stanley, kofin zakarun gasar, inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke wucewa, aka haɗa su da Florida, sai koci Jim Montgomery ya ajiye wannan tsari ya sa Ullmark wasa shida a jere, kusan kwana ɗaya-ɗaya tsakani. Boston ta kai uku da ɗaya, saura nasara guda. A wasa na biyar, cikin ƙarin lokaci, Ullmark ya fita bayan raga ya miƙa faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo a sandar abokin hamayya, Matthew Tkachuk na Florida ya zura. A na shida aka ci su 7-5. Sai a na bakwai aka tuna da Swayman, wanda ya yi kusan mako biyu yana ɗumama benci. Ya yi bakin ƙoƙarinsa, Montour na Florida ya farke saura minti ɗaya, abokin wasansa Verhaeghe ya gama da su a ƙarin lokaci. A ganina ba zaɓen Ullmark ne kuskuren ba, shi ya cancanci farawa. Jinkirin canja shi ne ya kashe su, ga kuma ɗora masa nauyin da bai saba ɗauka ba. Jakin da ya saba da buhu ɗaya, ba ranar kasuwa ake gwada shi da uku ba.

Gajiyar gola ba a lambobi take fara bayyana ba, a ƙafa take. Ni abin da nake kallo, ko a talabijin ko a filin yara da asuba ina rawar sanyi, shi ne inda faifan ke zuwa bayan ya tare. Golan da ke cikin hayyacinsa yana haɗiye harbin a ƙirji, ko ya karkatar da shi kusurwa da takalmin ƙafarsa. Wanda ya gaji sai ka ga faifan ya daki cinyarsa ya dawo tsakiyar gaban raga, inda kowa ke jira. Sannan ka lura da yadda yake zamewa a kan gwiwa daga wannan turke zuwa wancan. Idan yana wuce wurin da ya kamata ya tsaya, ya zo yana ninƙaya don ya dawo, to ko ya tare harbi talatin a daren nan gobe akwai magana. Faɗin ragar ƙafa shida ne kacal, taku guda na wuce gona da iri ya isa.

Ba Boston kaɗai ba ce. A 2018 Washington ta fara da Philipp Grubauer saboda ya fi kyau a ƙarshen kaka, aka ci su wasa biyu, koci Barry Trotz ya maido Braden Holtby, shi ya ɗauko musu kofi. A 2023 Adin Hill na Vegas rauni ne ya ba shi dama a zagaye na biyu, kuma da shi aka gama.

To me ya sa Swayman? A 2024 an sake gwadawa. Swayman ya fara wasan farko da Toronto, Ullmark ya yi na biyu aka ci su, daga nan raga ta zama ta Swayman har aka fitar da Toronto a wasa na bakwai, kuma ya tare fiye da kashi 93 a wasannin nan gaba ɗaya. Ga shekaru: shi haihuwar 1998 ne, Ullmark 1993, kwantiragin Ullmark kuma a lokacin saura shekara ɗaya. Gasar tana da iyakar kuɗin albashi da ƙungiya ba ta wucewa, ba za ka biya gola biyu kuɗin na farko ba. A Yunin 2024 aka tura Ullmark Ottawa, a Oktoba Swayman ya sa hannu shekara takwas kan dala miliyan 66. Abin dariya, Ottawa ta ba Ullmark daidai wannan kuɗin a shekara, miliyan 8.25.

Da ni ne ma Swayman zan riƙe, saboda shekarunsa da abin da ya nuna a kan Toronto. Sai dai kada ka ɗauka abin ya zo da sauƙi. Kakar farko da ya rasa abokin karɓa-karɓarsa, ga shi bai halarci atisayen share fage ba saboda ja-in-ja kan kuɗi, ya sauka zuwa kashi 89.2, Boston kuma ko wasannin neman kofi ba ta shiga ba.