Amsa: wane ne limamin cocin Ingila da ya yi maganar shari'a?

Malam, wanda kake tambaya ai Rowan Williams ne, ɗan Wales, haihuwar 1950. Mutumin malamin jami'a ne tun kafin ya zama babban limami, ya yi karatu a Kambrij, ya yi dakta a Oksfod a kan tauhidin Kiristocin Rasha, yana ɗan shekara 36 kacal aka ba shi kujerar farfesa a Oksfod ɗin. Daga 2002 zuwa 2012 shi ne Akbishop na Kantabari, wato babban limamin cocin Ingila. Maganar shari'ar kuma a wata lacca ya yi ta a 2008, cewa ya yi dokar Birtaniya ta bar wa Musulmi ɗan fili a harkokin aure da kuɗi, ai kuwa jaridu suka yi masa ca, alhali ni a ganina yawancinsu ko laccar ba su karanta ba. Da ya sauka jami'a ya koma abinsa, ya shugabanci kwalejin Magdalene a Kambrij har 2020.