Amsa: manhaja na kiran koɗaɗɗen murjani yashi

Malam, ka ce CoralNet, manhajar da ke tantance abin da ke cikin hotunan ƙarƙashin teku, na ɗaukar murjanin da ya koɗe a matsayin yashi. Galibi matsalar daga hoton take. Jan haske ne ke fara ɓacewa a ruwa, wajen mita 5 ya kusa ƙarewa, sai hoto ya rine shuɗi, fari da fari su saje. Ka riƙa nutsewa da farin allo, ka daidaita launin kyamara da shi a kowane zurfi. Kyamarar ta kalli ƙasa sak, tazara ɗaya kullum. Sannan ka sa wa hotunan wurinka alama da hannu, domin manhajar da ta koyi murjanin Ostireliya kan rikice a Bahar Maliya. Manhajar kan faɗi abin da ke kan kowane ɗigo da aka sa a hoto; ɗigon da ta yi shakka a kai, duba shi da idonka.