Jihar da za ka fara fatsar ƙwaro a Amurka, da abin da lasisi zai ci maka

Malam, ka yi tambaya cewa kana zaune a Amurka, kana son ka koyi irin fatsar nan da ake jefa ƙwaron roba na gashi da aka ɗaura a ƙugiya a kan ruwa don kama kifin tirawut, wace jiha ce ta fi, kuma nawa ne kuɗin lasisi. Amsar a taƙaice ita ce Montana. Amma kada ka zaɓi jiha don arhar lasisinta, domin a duk kuɗin da za ka kashe a wannan tafiya lasisi ne mafi ƙanƙanta. Abin da zai gyara maka tafiya ko ya ɓata ta abu biyu ne: dokar shiga kogi a jihar, da watan da ka je.

Tun 1985 Montana take da dokar da ta ba kowa damar yin su a kogi, ko da kogin ya ratsa gonar wani, matuƙar ba ka wuce layin da ruwa ya saba kaiwa idan ya cika ba. Sharaɗin shi ne ka shiga ta halastacciyar hanya, wato ta gadar titin gwamnati ko ta wuraren da hukumar kifi ta jihar ta tanada, kada ka keta shingen mutum. Da zarar ƙafarka ta shiga ruwa kana iya yin gaba ko baya yadda ka ga dama. A Wayomin da Kolorado ba haka abin yake ba. A can ƙasan kogin na mai gonar ne. Kana iya wucewa a kwalekwale, amma idan ka sauko ka taka ƙasa, ko ka jefa anga a inda yake mallakar wani, ka shiga haƙƙin mutum kuma ana cin tara a kai. Ga wanda ba shi da kwalekwale, ba shi da kuɗin ɗaukar jagora kullum, wannan bambancin ya fi kowane farashi muhimmanci.

Kogunan Montana da suka yi suna su ne Madison, Gallatin, Yellowstone, Big Hole, Bighorn, da Missouri daga ƙasan madatsar Holter kusa da ƙauyen Craig. Idan ka sauka a garin Bozeman, uku na farkon duk suna kusa da kai. Sabon hannu ya fara da Gallatin, don kogi ne da ake shiga da ƙafa, titi kuma yana bin gefensa. Missouri da Bighorn suna da kifi da yawa, sai dai kifin ya ga ƙwarin masunta iri-iri har ya yi wayo, kuma an fi jin daɗinsu a kwalekwale.

Kuɗin baƙo, wato wanda ba ɗan jihar ba, a Montana kashi uku ne, nan ne mutane suke ruɗewa. Akwai takardar kare namun daji, dala 10. Akwai ta hana yaɗuwar baƙin halittun ruwa, dala 7.50. Sannan lasisin su ɗin kansa: dala 14 na kwana ɗaya, 56 na kwana biyar, 100 na shekara. Ka ga kwana biyar ya tashi a dala 73.50, shekara kuma 117.50. Idan kana da niyyar zuwa sau biyu, ɗauki na shekara kawai. Ka lura shekarar lasisinsu tana farawa ne ranar 1 ga Maris ta ƙare a ƙarshen Fabrairu, saboda haka wanda ya saya a Oktoba wata biyar kaɗai zai mora.

Gandun dajin Yellowstone harkarsa daban ce. Lasisin jiha ba ya aiki a cikinsa, ko na Montana ko na Wayomin. Gandun yana da tasa takardar: dala 40 kwana uku, 55 kwana bakwai, 75 na kakar su gaba ɗaya. Dokokinsa sun fi na jihohi tsauri. Dole ka danne haƙorin ƙugiya da filaya, an hana darma, an kuma hana takalmin shiga ruwa mai tafin matsattsen ulu tun 2018, saboda tafin yana riƙe danshi ya kwashi ƙwayoyin cuta daga wannan kogi zuwa wancan. Tirawut ɗan asalin wurin mai jan zane a ƙasan haɓa dole ka mayar da shi ruwa da ransa. Irin na tafki kuwa, wanda aka shigo da shi tafkin Yellowstone yana cinye 'yan asali, idan ka kama shi a can doka ta ce kada ka mayar da shi da rai. Ka koyi bambance su tun kafin ka je.

Wayomin tana da kogin North Platte wajen Casper da kogin Snake wajen Jackson. Baƙo yana biyan dala 14 a rana, ko 102 a shekara da ƙarin kan sarkin kare namun daji na dala 21.50. Aidaho tana da Henry's Fork da Silver Creek, ruwa mai kwanciya da haske, inda kifi yake ganin zarenka kafin ka gan shi. Wuri ne na gwanaye, ka bar shi sai hannunka ya faɗa. Kolorado ta fi sauƙin zuwa saboda filin jirgin Denver, kogin South Platte kuma ba shi da nisa, amma ranar Asabar da Lahadi cunkoson masunta ya yi yawa. Alaska lasisinta ba tsada, dala 15 na rana, 45 na mako, 100 na shekara, da wani kan sarki daban idan kana neman babban kifin salmon da suke kira sarki. Kuɗin jirgi da masauki ne suke kayar da mutum a can.

Idan a gabashin ƙasar kake zaune, ba sai ka haye jirgi ba. A jihar New York akwai kogunan Beaverkill da Willowemoc a tsaunukan Catskill, tafiyar kusan awa biyu da mota daga birnin. Ɗan jiha dala 25 a shekara, baƙo 50, ko 28 na mako, kuma shekarar tana ƙirguwa ne daga ranar da ka saya. Mishigan tana da kogin Au Sable, inda aka kafa ƙungiyar kare tirawut ta Trout Unlimited a 1959. Ɗan jiha dala 26, baƙo 76. Shawarata ka koyi jifa a jihar da kake zaune da lasisin ɗan gida, ka kai Montana da hannu a shirye. Farashin nan majalisun jihohi suna taɓa su lokaci-lokaci, don haka ka saya kai tsaye a shafin hukumar kifi ta jihar ko a shagon kayan su da ke bakin kogi, ka ga adadin ranar.

Ka yi hattara da maganar "ɗan jiha". Kowace jiha da ma'auninta: Montana kwana 180, Kolorado wata shida, Wayomin da Alaska shekara guda cur. Sayen lasisin ɗan jiha alhali ba ka cika sharaɗi ba laifi ne, kuma tarar ta fi abin da ka so ka rage nesa ba kusa ba. Wasu jihohin kuma, kamar Fensilbaniya, sai ka ƙara izinin tirawut a kan lasisin. Jami'in da ya tare ka a bakin ruwa ba zai karɓi uzurin rashin sani ba.

Batun lokaci shi ne inda tafiye-tafiye da yawa suke lalacewa. A jihohin tsaunuka ƙanƙara tana narkewa daga Mayu zuwa cikin Yuni, koguna su cika su yi jawur, ba kifi kuma ga haɗari. Idan hutunka ya faɗo a lokacin, nufi kogin da ke fitowa daga ƙasan madatsa, kamar Missouri ko Bighorn, don ruwansu yana zama garau. Ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli ne manyan ƙwari suke ƙyanƙyashewa a Madison, kifi ya taso sama yana cafka. Agusta kuwa zafi ne matsalar. Idan zafin ruwa ya kai digiri 23 a ma'aunin Celsius kwana uku a jere, Montana takan hana yin su a kogin daga ƙarfe 2 na rana zuwa 12 na dare. Kai ma ka riƙe ƙaramin ma'aunin zafi, ka naɗe igiyarka idan ruwa ya kai 20, domin ruwa mai ɗumi iskarsa kaɗan ce, kifin da ka gajiyar ka saki zai tafi kamar lafiya lau ya je ya mutu. Satumba ta fi mini kowane wata: ruwa ya huce, masu yawon buɗe ido sun ragu.

Kayan aiki kada ka tara da yawa. Sanda mai ƙafa 9, lamba 5, da igiya mai yawo a saman ruwa ita ma lamba 5. A wannan fatsar nauyin igiya ne yake kai ƙwaron, ba kamar fatsar gida da ake ɗaura tana da darma a wurga ba, shi ya sa idan lambar igiya da ta sanda suka saɓa jifa ba ya tafiya. A bakin igiyar ka ɗaura siririn zare mai ƙafa 9, mai lambar kauri 4X ko 5X. Ka raba lambar ƙugiya gida uku ka samu zaren da ya dace: ƙugiya 12 da 4X, 16 da 5X. Ƙwari huɗu sun ishe ka: Parachute Adams da Elk Hair Caddis na sama, Pheasant Tail na ƙasan ruwa, Woolly Bugger wanda ake janyowa a cikin ruwa. Wandon shiga ruwa ka ɗaure shi da bel a ƙugu tamau, don idan ka zame ruwa ba zai cika shi nan take ba, takalmi kuma ka sayi mai tafin roba tunda Alaska ma ta hana na ulu.

Kuskuren da ya fi hana sabon hannu kama kifi shi ne barin ruwa ya ja tsakiyar igiya, sai ƙwaron ya riƙa gudu yana tsaga ruwa fiye da kumfar da ke gefensa. Tirawut yana ganin haka ya ƙi. Da igiya ta sauka, ɗaga sanda ka juya cikinta zuwa wajen da ruwa yake tahowa, ƙwaron ya taho da saurin ruwa. Na biyu shi ne gaggawa wajen jifa: idan ba ka jira igiya ta miƙe a bayanka ba, za ka ji ta yi ƙara kamar bulala, ƙwaron ya tsinke.

Idan aljihu zai iya, ɗauki jagora a ranar farko kaɗai. Kuɗinsa yakan haura dala 500 na wuni, mutum biyu a kwalekwale ɗaya, ban da alherin da ake ba shi a ƙarshe, kuma lasisinka ba ya ciki, kai za ka zo da abinka. Ka faɗa masa tun da safe cewa koyo ka zo yi, ya nuna maka inda kifi yake kwanciya da wuraren da za ka shiga da ƙafa a sauran kwanakin.