Zauren Anti: Maigida zai kwashe mu zuwa Yawunde, ni da yara ko gaisuwar Faransanci ba mu iya ba

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Maigidana ɗan kasuwa ne, ya daɗe yana kai atamfa da shadda Kamaru, yanzu ya samu shago a Yawunde ya ce shi ya gaji da zirga-zirga, bayan babbar sallah za mu tattara mu koma can gaba ɗaya. Yarana uku, babbar shekararta 8 tana aji 3, mai bi mata 5, sai na goye ɗan wata 14. Shi cewa yake wai in kwantar da hankalina ƙasar Turanci da Faransanci duk ana yi kuma akwai Hausawa, ni kuwa wlh ko bacci bana iyawa, ni ba Faransanci ba yaran ba Faransanci ba, wace makaranta zan sa su, ya zan yi da kasuwa da asibiti? Ya ce ƙila mu yi shekara 5 ko 6 mu dawo gida.

Maman Ilham, daga Kano

Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya raya mana zuri'a. Toh maigida bai yi ƙarya ba amma rabin zancen ya faɗa miki, kin san maza, shi da yake yini a shago cikin 'yan uwansa 'yan kasuwa komai mai sauƙi ne a wurinsa. Na yi zaman garin nan da yara ƙanana, bari in ba ki ɗaya rabin.

A takarda Kamaru harshe biyu gareta tun 1961 da aka haɗe ɓangaren da Faransa ta mulka da kudancin wanda Ingila ta mulka. Amma cikin yankuna 10 na ƙasar 2 ne kawai na masu Turanci, wato wajen Bamenda da wajen Buea, ita kuwa Yawunde tsakiyar masu Faransanci take. Allon ma'aikata za ki gan shi da harshe biyu, kina shiga ciki wanda ke kan tebur da Faransanci zai tare ki, haka mai tasi, haka mai tumatir a kasuwar Mokolo, haka nas a asibiti. Kar ki tafi da tunanin Turancinki na sakandare zai ɗauke ki ko'ina.

Makaranta ita ce babbar magana shi yasa zan daɗe a kanta. Tsarin karatu biyu ne a ƙasar, kowanne da manhajarsa da jarabawarsa. Na Faransanci firamarensa aji shida ne masu suna SIL, CP, CE1, CE2, CM1, CM2, a ƙarshe yaro ya zana CEP, jarabawar gama firamare. Na Turanci kuma Class 1 zuwa Class 6, ya gama da First School Leaving Certificate da Common Entrance, kin ga sunayen ma kamar na gida, in ya wuce sakandare ya yi GCE. Tunda kin ce shekara 5 ko 6 za ku dawo, ni ba zan yi miki kwana-kwana ba, ki sa su ɓangaren Turanci. Ilham lokacin dawowarku tana da 13 ko 14, daidai ƙaramar sakandare, in kika kawo ta Kano da lissafi da kimiyya duk a Faransanci sai an mayar da ita baya aji ɗaya ko biyu kuma yarinya budurwa ta zauna da ƙannenta a aji ba ƙaramin karya zuciya bane. Sannan wa zai duba musu aikin gida da daddare? Ke ce. Abin da ba ki iya karantawa ba ba za ki gane ko yaro yana ja ko yana zamewa ba sai ranar da aka miƙo miki sakamako.

Za ki ce to Faransancin fa, ai asara ne su zauna a garin su dawo babu. Hajiya ta ba za su dawo babu ba ko kin so. Makarantun Turancin Yawunde cike suke da 'ya'yan masu Faransanci, iyayensu ne ke kai su da gangan don su samu Turanci, saboda haka a aji malam na Turanci ana kaɗa ƙararrawar tara filin wasa ya koma Faransanci zalla, kuma akwai darasinsa a manhaja. Nawa ɗan shekara 5 zango biyu ya yi ya fara faɗa da 'yan maƙota da Faransanci, har da zagin da ban san ma'anarsa ba sai da wata ta fassara min na kusa faɗuwa. Da ace zaman dindindin za ku yi da na ce ki yi tunani kan mai shekara 5 ɗin, shi ko'ina aka jefa shi zai tashi, amma raba yara makarantu biyu a garin da ke da cunkoso da tuddai wahalar kanki ce.

Ki yi hattara da kalmar bilingue, wato mai harshe biyu, da za ki gani a jikin kusan kowace makarantar kuɗi. Wata ɓangarori biyu ne cikakku, wata kuwa ta Faransanci ce da malamin Turanci guda ɗaya yana zagaye. Ki shiga ajin da kanki ki ji malamar ta yi magana, ki ƙirga yaran da ke kan benci. Tun rikicin yankunan Turanci da ya fara a 2016 iyalai da yawa sun gudo Yawunde da Duwala, azuzuwan Turanci sun cika, gurbi yana wuya. Ana komawa makaranta farkon Satumba, don haka maigida ya fara nema tun kafin ku taso, ke kuma ki riƙo takardun haihuwa, sakamakon jarabawar Ilham na baya, takardar canjin makaranta da katin rigakafin kowa musamman na goyen.

Unguwa kuma na san inda zai kai ki, Briqueterie, mu muna ce mata Birketeri. Nan ce unguwar Hausawa tun da daɗewa, kiran sallah za ki ji shi kamar kina Fagge, ga mahauta Musulmi ga tsire ga kilishi ga teloli ga Islamiyya, Tsinga da babban masallacinta kuma na maƙwabtaka. Ga baƙuwa mai goyo wannan rahama ce, za ki samu mai riƙe miki yaro da mai raka ki awo. Sai dai a cunkushe take, gidaje a matse, in ruwa ya sauka kwata sai addu'a, kuma garin damina biyu yake yi a shekara, ki tanadi gidan sauro da rigunan sanyi don safiyarsa da ɗan sanyi. Makarantun Turanci sun fi yawa ta wajen Biyem-Assi, Obili da Etoug-Ebe inda 'yan Bamenda suka fi zama, ku auna nisan da kuɗin motar makaranta kafin ya biya haya.

Yanzu ke. Wlh ba yaran nake ji ba ke nake ji. Birketeri tana da daɗin da za ta sa mace ta shekara goma ba ta iya komai ba sai ƙirgen kuɗi, na ga irinsu da yawa kuma ni ma na soma zama haka. Abin da ya farkar da ni wata rana na je asibiti da lalurar mata, likitan ba ya jin Turanci sosai, 'yata mai shekara 9 ita ta tsaya tsakaninmu tana fassara abin da ko a gaban yayata ina jin nauyin faɗa, yarinya ta sunkuyar da kai ni na sunkuyar da kai. A satin da abin ya faru na nemi wata maƙociya 'yar Garwa, Bafulatana, tana zuwa bayan la'asar sau uku a sati ina ɗan ba ta na sabulu. Ki fara da lambobi da sunan unguwanni, don tasin garin na haɗaka ne, a bakin titi za ki tsaya ki faɗi inda za ki da abin da za ki biya, in ya yi hon ya yarda in ya ja mota ki jira na baya. Daga nan sunan ciwo da na magani, sai abin da ake rubutowa a littafin yara.

A gida kuma Hausa, ba sassauci. Za su fara amsa miki da Faransanci, ki ce ba ki ji ba a maimaita. Ki dinga haɗa su da kakanninsu a WhatsApp, tsohuwa ba za ta yafe miki ba in jikanta ya kasa mayar mata da wasan miji da mata.

Ki tuna wa maigida Kamaru ba ta cikin ECOWAS, shiga da fita na fatauci daban zama da iyali daban, kowa da fasfonsa har jaririn, ku manya ku yi katin zama, katin allurar shawara kuma ana tambayarsa a iyaka. Sefarsu ma ba irin ta Maraɗi bace duk da darajarsu ɗaya, kar ki yi canji a Kano a haɗa ki da ta Nijar. In ta ƙasa za ku bi, Yola zuwa Garwa zuwa Ngaundere, daga nan akwai jirgin ƙasa mai kwana a hanya ya wayi gari a Yawunde, ki matsa masa ya yanki ɗaki mai gado huɗu, kujera da yara uku dare guda ba za ki so ba. Kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya ki ɗauro na wata biyu, ana samu a can amma kafin ki gane wadda ke sayar da mai kyau kin sha miyar da ba ki so.

Anti