Ƙanwata, kada ki kawo yaran nan Jidda ba igama

Ƙanwata, saƙon muryarki ya iso ni jiya bayan isha'i, sau biyu na saurare shi. Kin ce tun da abin nan ya sami 'yar maƙwabtanku a Kaduna barci ya ƙaurace miki, kina so ki ɗauko yaranki biyu da bizar Umra ku ɓuya nan Jidda, tunda ƙasa mai tsarki ce, ba mai taɓa yaro. Kin kuma tambaya ko akwai inda ake duba sunayen masu lalata da yara kafin mutum ya kama haya. Ke ce ta huɗu da ta kawo min wannan magana bana, shi ya sa na ce gara in amsa a fili.

Wancan shafin da kika ji labari, wanda uwa ke shiga ta ga hoton mai laifi da unguwarsu, tsarin Amurka ne, ya bazu ne bayan dokar Megan ta 1996. Ko a gida ma NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ta buɗe rajistar waɗanda kotu ta kama da laifin fyaɗe tun Nuwamban 2019, jiharki kuwa ta yi dokar dandaƙa a 2020. Nan ba haka ake yi ba. Dokar cin zarafi ta 2018 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 2 da tarar riyal 100,000, idan kuwa yaro aka yi wa, ya kai shekara 5 da riyal 300,000. Fyaɗe kansa yana iya kai mutum ga takobi. A 2021 aka ƙara wa alƙali ikon ya sa a buga sunan mai laifi a jarida, kuɗin bugawar ma daga aljihunsa. Akwai lambar yara, 116111, akwai 1919 ta cin zarafi a cikin gida. Hukumar nan ba ta wasa, wannan kam na shaida.

Amma wa zai ɗauki waya ya kira? Nan ne gizo ke saƙar.

Lokacin da muke Gulail, kafin a rushe unguwar, akwai wata baiwar Allah a ɗakin da ke kallon namu. Takari ce, aikatau take yi a gidan Larabawa. Tana fita da asuba, ba ta dawowa sai an yi magariba, ta zo da ragowar shinkafa a leda. 'Yarta mai shekara takwas tana yini a tsakar gida, don a lokacin makarantar gwamnati ba ta ɗaukar yaro sai da igama, wato takardar izinin zama. Akwai wani dattijo a ƙofar gidan, Bahaushe ɗan'uwanmu, carbi ba ya barin hannunsa, kowa Baba yake ce masa, shi ke aiken yara yana ba su riyal ɗaya na alawa. Ni na fara lura yarinyar ta daina fitowa wasa, idan ta ji muryarsa sai ta maƙale a bayan ƙyaure. Ranar da ta buɗe baki, uwar ta shigo ɗakina ta zube a kan tabarma tana kuka ba sauti, ta cusa gefen mayafinta a baki don kada a ji.

Na ce mu tafi asibiti. Ta riƙe ƙafata ta ce in rufa mata asiri, asibiti za su nemi takarda, su kira askarawa, gobe ta tsinci kanta a tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, ga bashin kuɗin jirgi ba ta gama biya ba. Manyan unguwa suka zauna, suka ce kada a jawo mana kame, a bar wa Allah. Kafin sati ya zagayo mutumin ya tattara kayansa ya koma Makka. Can ma akwai yaran da iyayensu ke fita da asuba. Ni ma na yi shiru, ina da igamata a jaka, ba abin da za a yi min, amma na bi maganar manya. Har yau idan na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Wallahi da yau ne, wayata zan ɗauka ko duk unguwa za su daina gaishe ni. Irin wannan mutum ba rajistar da za ta taɓa ɗaukar sunansa, tunda ƙararsa ba ta je ko'ina ba. Kuma ya san haka, shi ya sa 'ya'yan marasa takarda yake zaɓa.

Kina ganin yarana a hoto da kayan makaranta kina sha'awa. Shekarata 17 a garin nan. Maigidana yana biya mana harajin zaman iyali riyal 400 kowane wata a kan kowane mutum ɗaya, ni da yara biyu, riyal 1,200 ke nan kafin a yi maganar haya da cefane. An ba ni aikin kwana mai tsoka a wani gida na ƙi, na zauna ina ɗinki da dambun nama ina sayarwa, don in kai su ƙofar makaranta da ƙafata in ɗauko su. An yi min gori, an ce ban san me ya kawo ni ba. Alhamdu lillahi, babbar ta kusa gama sakandare.

Idan Umra za ki yi, bismillah, ɗakina naki ne, ki gama ki koma kafin bizarki ta ƙare. Idan aiki kike so, ki bi ta hanyar da za ta ba ki igama, ki kuma sani bizar aikin gida ba ta zuwa da yara, sai dai ki bar su wajen Hajiya. Zama a ɓoye da yara biyu kuwa, kada ki sa ni a ciki, ba zan tarbe ki a filin jirgi ba. Ita kuma 'yar maƙwabtanku, ki je ki sami uwarta yau, ki raka ta asibiti, daga nan ku kai ƙara. A Kaduna ba mai tambayarku igama.