Compojure na ba ni 404 alhali na rubuta hanyar

Ɗan'uwa, ka ce ka rubuta hanyar "/kaya/sabo" (wato adireshin shafi) a manhajarka ta Clojure (wani yaren rubuta manhaja), amma ko dai 404, saƙon "ba a sami shafin ba", ta fito, ko wani shafi daban ya buɗe.

Galibi matsalar jeri ce. Compojure, kayan aikin da ke haɗa kowane adireshi da aikin da zai amsa shi, yana bin hanyoyin da ka jera a cikin defroutes daga sama zuwa ƙasa, wadda ta fara dawo da abin da ba nil ba (nil na nufin babu komai) ita ke amsawa. In "/kaya/:id" ce a sama, za ta ɗauki "sabo" a matsayin id, wato lambar shaidar kaya, ta tafi nemansa a rumbun bayanai. Ɗaga "/kaya/sabo" sama da ita. Shi kuwa route/not-found, mai ba da 404, can ƙarshe ne mazauninsa; ka sa shi a tsakiya, duk abin da ke ƙasansa ya tashi a banza.

Duba kuma layin ƙarshe na aikin da ke amsa buƙatar. In println ne, mai buga rubutu a allo, nil zai dawo, Compojure ya wuce abinsa kamar babu hanyar. Wannan kam yana wahalar da sababbin hannu.

In POST (aika bayanan fom) ya fara ba ka 403, saƙon "an hana", bayan ka sa site-defaults (tarin saitunan da aka shirya wa shafin intanet), kariyar CSRF ce, mai hana wani shafi aika buƙatar bogi da sunan mai amfani. Kada ka kashe ta, saka alamar tsaron da kariyar ke nema (anti-forgery token) a cikin fom ɗin. Manhajar da za ta taɓa kuɗi ko kalmar sirri kuwa, nemi ƙwararre kan tsaro ya duba ta kafin ka ɗora ta a intanet.