Tambaya da Amsa: Tawadar Zobo, Ƙaro da Masu Sayar da Ruwan Rini a Kwalba

Malam, na dafa zobo ya yi ja wur, na tace, na shafa a takardar zane mai tsada da yayana ya kawo mini. Kafin ya gama bushewa sai ya rikiɗe ya koma shuɗi-shuɗi mai toka-toka. Na lalata takardar ke nan? Kwana biyu ina jin kunyar haɗa ido da shi. (Ɗaliba, Zariya)

'Yata, kwantar da hankalinki, ba ki ɓata komai ba. Halin zobo ke nan. Jan da ke cikinsa yana bin tsami ne: in ya haɗu da tsami sai ya ƙara ja, in ya haɗu da abu mai kanwa-kanwa sai ya juya shunayya, ko shuɗi, har kore. Takardar zane mai kyau kuwa yawanci ana sa mata sinadarin alli a masana'anta don kada tsami ya cinye ta da daɗewa, shi ne zobonki ya taras ya canza riga. Da a takardar littafin makaranta kika shafa, mai yiwuwa da ya fi zama a jansa.

In ja kike so, matsa lemon tsami kaɗan a ciki kafin ki shafa. Amma in da ni ne, ba zan yi faɗa da shi ba. Raba shi ƙananan kofuna uku, ɗaya da lemon tsami, ɗaya yadda yake, ɗaya da ɗigon ruwan kanwa. Kin samu launi uku da kuɗin zobo na gwangwani ɗaya. Ki kai wa yayanki ya gani, ina tabbatar miki daɗi zai ji.

Malam, na ga ana tallar kwalabe shida na "tawadar itatuwa zalla" a Instagram, launukansu na ɗaukar ido: shuɗi garau, kore shar, ruwan hoda. Kuɗinsu ya kusa rabin albashina, amma mai sayarwa ta ce ba a samun irinsu a kasuwa. In saya? (Malamin firamare, Katsina)

Kada ka saya. Zauna in faɗa maka dalili, don wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Da farko dai, launin da ke ɗaukar ido shi ne abin zargi. Itace ba ya ba da kore shar a kwalba. Tafasa ganyen da ka ga dama, zogale ne ko darbejiya, abin da za ka samu ruwan ƙasa ne mai kore-kore, wanda kafin mako ya zagayo ya koma kalar shayi. Shuɗi garau kuwa ya fi komai wuyar samu. Baba, wanda marinan Ƙofar Mata a Kano suka yi suna da shi, ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Shi ya sa marina ke haɗa shi da toka su bar shi ya ruɓa a karofi kwana da kwanaki kafin ya kama zane. To in wani ya miƙo maka kwalba da ruwa shuɗi tas, ana hango ƙasan kwalbar, ya ce baba ne, ka san garin rini na kanti ya jiƙa, irin wanda ake ƙullawa a leda a kowace kasuwa da kuɗin da bai kai na ƙosai ba. Kwalbar da takardar da aka manna mata kake biya.

Ni kaina an taɓa yi mini. Wata baiwar Allah ta sayar mini da "jan zobo na musamman", na kai gida na ɗiga masa ruwan kanwa, ko gezau. Zobo na gaskiya nan take zai juya. Na kira ta, ta ce wai nata zobon na waje ne. Tun daga ranar, duk wanda zai sayar mini da tawadar itace sai na gwada a gabansa, kuma gwajin ba ya cin ko sisi. Ja na zobo, kanwa ta juya shi, lemon tsami ya dawo da shi. Rawaya ta gangamau, kanwa ta mai da ita ja. Ruwan bagaruwa, ka jefa masa ƙusa mai tsatsa ya yi baƙi. Abin da ya ƙi motsi a gaban kanwa da tsami da ƙarfe, in ba gawayi ko ƙasa ba ne, yawanci daga masana'anta ya fito. Mai sayarwar da ta ƙi yarda a gwada ta riga ta ba ka amsa.

Akwai wani wuri ɗaya da gwajin gida ba ya aiki, gara in faɗa. Baba na masana'anta, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, sinadarinsa ɗaya ne da na ganye, shi ma ba ya narkewa a ruwa. A nan sai dai sanin mutum. Je marina da ƙafarka ka sayi curin shuni a hannun wanda ka ga yana aikinsa. Ka niƙa shi lukui, ka kwaɓa da ruwan ƙaro, ka samu shuɗi mai duhu wanda zai daɗe a takarda fiye da duk abin da ke cikin kwalaben nan shida.

Ƙaron ma ba a bar shi ba. Ƙaro mai kyau, na ɗakwara, dunƙule-dunƙule ne masu haske kamar zuma, ba ɗaci ba wari, kuma in ka jiƙa kashi ɗaya a ruwa kashi biyu ya kwana, zai narke duka, sai ɗan ɓawo da yashi da za ka tace. Wanda aka gauraya da ƙaron wasu itatuwa kumbura yake yi ya zama kamar kunun da ya sandare, ya ƙi bin burushi. Sayi na dunƙule, kada ka sayi gari, don gari ba ka san abin da aka niƙa a ciki ba. Haka gangamau: sayi saiwar ka daka da kanka. A Bangaladesh an kama garin gangamau da aka zuba wa sinadarin dalma don ya ƙara rawaya, kuma ba na son mai zane da ke lasar bakin burushi ya yi caca da wannan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganar "ba a samun irinsu a kasuwa". A ƙasar da almajiri ɗan shekara bakwai ke haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro ya cika kurtu? A ƙasar da masu zayyana suka ƙawata allunan sauka da ja da rawaya da kore tun kafin kakan mai tallar ya ga kwalba? Fentin ruwan da ake kawowa daga Turai, har na tsofaffin kamfanoni irin Winsor & Newton na Ingila da ke aiki tun 1832, ƙaro ne ke riƙe launinsa a takarda, ƙaron kuwa daga Sudan da Chadi da arewacin Najeriya ake ɗibarsa. Namu ne ya je ya sa kwat ya dawo. Shiga Kasuwar Kurmi ko layin 'yan koli na garinku da kuɗin cefanen yini ɗaya, za ka fito da ƙaro da bagaruwa da zobo da karan dafi da lalle da alif da kanumfari, har da canji.

Rabin albashin nan, in lallai sai ka kashe wani abu a zane, kashe ɗan kaɗan daga ciki a takarda. A nan kuɗi ke yin aiki. Nemi mai kauri, wadda aka rubuta 300 a bangonta, in da hali ta auduga. Tawada mai arha a takarda mai kyau tana fitowa. Tawada mai tsada a takardar kwafi kumbura za ta yi ta yage. Sauran kuɗin kai su gida, yara na jiran kuɗin makaranta.

Ina da ƙaramin akwatin fentin ruwa mai kala 12. Ina so in haɗa shi da tawadar bagaruwa da ta gawayi a zane ɗaya. Wanne zan fara sawa? (Mai zane, Maraɗi)

Tambaya mai ma'ana. Ya danganta da wacce tawada.

Ta bagaruwa da ƙarfe ita ake fara sawa. Daka bagaruwa ka tafasa ka tace, a gefe guda ka jiƙa tsofaffin ƙusoshi a ruwan khal kwana biyu ko uku, sannan ka riƙa ɗiga ruwan ƙusar a na bagaruwar har ya yi duhu, ka ƙara ƙaro kaɗan. Lokacin da ka ja layi za ka ga kamar ruwan shayi, kada ka ƙara. Ba ta minti kaɗan, iska za ta baƙanta ta. In ta kwana ta bushe tana shiga jikin takarda, ka iya bi ta kanta da fentin ruwa ba tare da ta baje sosai ba. Hikimar majema ce, da ita suke baƙanta fata.

Ta gawayi ko ta ƙunƙunniya a ƙarshe ake sa ta. A saman takarda take zama, ƙaro kaɗai ke riƙe da ita, ruwa na taɓa ta ta tashi. Ai shi ya sa ake wanke allo. In ka fara da ita ka bi da jiƙaƙƙen burushi, duk zanen zai koma kalar bayan tukunya.

Gargaɗi biyu. Ware wa ta bagaruwa burushinta da kofin ruwanta, don ƙarfen da ke ciki yana dusashe rawaya da ja, kuma in ya shiga akwatinka ya shiga ke nan. Burushi mai arha za ka ba ta, ko alƙalamin kara, don tana cin gashi tana sa bakin alƙalamin ƙarfe tsatsa. Na biyu, kada ka cika ƙarfe don neman baƙi ƙirin. Tawada mai yawan ƙarfe tana cin takarda a hankali, akwai tsofaffin rubuce-rubucen hannu da haruffansu suka huda shafi saboda haka. Da hunturu kuma, in fenti na bushe maka kafin ka gama shafa, ɗigon zuma ɗaya a ruwan ƙaron ya isa. Ɗaya na ce. In ka ƙara, kiyashi ne za su yi maka sharhi.

Tawadata tana yin fumfuna bayan kwana huɗu. (Kaduna)

Za ta yi mana, ai miya ce ba gishiri. Tafasa kwalbar kafin ki zuba, jefa kanumfari biyu ko uku a ciki, ki rufe sosai. In kina da firji da wuta, to. In babu, daina dafa tukunya guda. Rabin kofi ya ishe ki mako. Wadda ta riga ta yi gashi a zubar, kada a kwashe saman a ci gaba.

Malam, yarana uku suna son zane, ƙaramin shekararsa huɗu kuma komai baki yake kai wa. Ina tsoron fentin kanti, ina kuma tsoron in haɗa musu abin da zai cutar da su. (Uwa, Gusau)

Hajiya, Allah ya raya su, tsoronki a kan hanya yake. Tsaya a kan abin da ke shiga tukunyarki: zobo, gangamau, ɓawon albasa, ganyen shayi, goro da aka daka. In ƙaramin ya sha, iyakaci harshensa ya yi ja. Zuba musu a murfin kwalba, ki shimfiɗa tsohon buhu, ki sa musu tsofaffin kaya, don gangamau ba ya fita a riga da daɗi.

Abin da zan roƙe ki shi ne kada ki bar su su shiga bayan gida suna tsinko ganye da kansu da sunan neman launi. "Na itace ne" ba ya nufin ba ya kisa. Zaƙami guba ne, 'ya'yan zurma da na cini-da-zugu guba ne, ruwan tumfafiya yana illa ga ido. Tawadar bagaruwa mai ƙarfe ma ba ta yara ba ce, a ajiye ta inda hannu ba ya kai, kuma a rubuta a jikin kwalbar, kada wani ya ɗauka tawadar allo ce ya yi rubutun sha da ita. Sai baƙin lalle na kanti mai kamawa cikin minti kaɗan: yawancinsa sinadarin rinin gashi ne a ciki, yana ƙona fatar wasu. Lalle na gaskiya ja-ja yake bayarwa, kuma ba ya gaggawa.

Na yi zanen masallacin unguwarmu da gangamau da zobo, ya yi kyau ƙwarai. Wani Alhaji yana so ya saya ya rataya a falonsa. Nawa zan ce? (Zinder)

Kafin kuɗi, yi wannan: shafa launukan a guntun takarda, rufe rabi da kwali, ajiye a taga mako biyu, sannan ka buɗe. Gangamau zai kusa ɓacewa, zobo zai koma ruwan ƙasa. Abin da zai faru a falon Alhaji ke nan, sai dai a hankali. In ka karɓi kuɗinsa ba ka faɗa masa ba, kai da mai kwalaben Instagram layinku ɗaya.

Ko dai ka gaya masa gaskiya ya rataya inda rana ba ta kai, ko ka sake zanen da abin da ke jure haske: gawayi, shuni, jar ƙasa da aka tace aka haɗa da ƙaro, rawayar kuma ka ɗauko daga akwatin fentin ruwa. Na farkon ka ɗauke shi hoto mai kyau, ka adana shi a cikin littafi a rufe. Farashi kuwa, lissafa takarda da kwanakin da ka yi a kai, kada ka ce "ko nawa ne Alhaji".

Zan iya zuba tawadar zobo a na'urar buga takarda ta ofis don rage kashe kuɗi? (Ba suna)

Na gane dalilin da ya sa ba ka sa suna ba. A'a. In kuma ka riga ka zuba, fara tanadin kuɗin mai gyara.